Yadda Na Koyi Saƙa a Jinyar Lami

Jinya wahala ce. Duk wanda ya ce maka ba wahala ba ce, dubiya kawai ya je, ya ajiye lemo ya fito. Na yi haƙar rijiya, na yi dako a Kano ina saurayi, na yi noma shekarar da ruwa ya ɗauke, amma babu abin da ya gajiyar da ni kamar zama kusa da mutum kana kallonsa ba ka san abin da za ka yi masa ba.

Sunana Sale, manomi ne ni a wani ƙauye kusa da Kunci. Karatuna bai yi nisa ba, wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri. Na rubuta ne don mun yi kuskure a jinyar mai ɗakina, kuma duk kuskuren da ƙauna muka yi shi. Ba na so wani ya maimaita.

Sunanta Lami, a garinmu Lami mai saƙa ake ce mata. Da wuya ka ga jariri a unguwarmu da hular sanyi da safa ba daga hannunta suka fito ba. Tana hira tana saƙa, ko kallon hannun ba ta yi. Shekara kusan talatin muna tare, ban taɓa tsayawa na ga yadda ake yin abin ba. Ƙarar kibiyoyin saƙar kawai na sani, cak-cak-cak, kamar kaji na cin tsaba a tire.

An taɓa gaya mata a asibiti tana da hawan jini, aka ba ta magani. Ta sha, ciwon kai ya tafi, ta ajiye. Mu a tunaninmu kamar maganin zazzaɓi ne, ka warke ka daina. Ashe wannan ba a daina shi.

Abin ya faru lokacin cirar gyaɗa. Da safe ta miƙo mini koko, sai ludayin ya suɓuce daga hannunta. Na ɗaga kai zan yi faɗa, na ga bakinta ya karkace gefe guda.

"Ke, lafiya?"

Ta yi magana, amma kamar wadda ta cika baki da tuwo. Hannun dama ya saki, ƙafar dama ta ƙi ɗaukarta.

Yayata Indo, wadda gidanta ke jikin namu tun da mijinta ya rasu, ita ta fara shigowa. Ta dube ta sau ɗaya ta yanke hukunci.

"Iska ce. Jiya da magariba na ga ta watsa ruwan zafi a bakin kwata, ban ji ta yi bisimilla ba."

Aka kawo hayaƙi, aka kawo rubutu, aka kawo na shafawa. Wani ya ce kada a kuskura a kai ta asibiti, wannan ciwon ba ya shiri da allura. Ni ban raina addu'a ba, har gobe ina yi. Amma kusan satin farko haka ya tafi muna turara ta tana tari.

Haruna mai faci, abokina tun muna kiwon awaki, shi ya kira ni gefe.

"Sale, haka babana ya yi, muka zauna muna hayaƙi har ya tafi. Ka ɗauke ta ka kai asibiti. Rubutun ku tafi da shi a jarka, ba a hana shiga da shi."

Allah ya saka wa Haruna da alheri, duk da abin da ya yi mini daga baya.

A ƙaramin asibiti aka auna jininta, mai awon ya girgiza kai ya ce mu wuce Kano. A Kano na san layi. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, in ka kai gaba a ce maka ba nan ba ne. Aka ce sai an yi hoton kai. Na aika aka sayar da ragon da nake kiwo, aka bi da gyaɗar da ko gama bushewa ba ta yi ba, a farashin kaka, wanda duk manomi ya san asara ce. Likitan yaro ne, bai yi mini faɗa ba, amma maganarsa ta zauna mini.

"Baba, wannan ciwon na awa ne, ba na kwana ba. Ranar da ya faru, a ranar ake kawowa."

Sati biyu muka yi a can. Ni a baranda a kan kwali, sauro na cin rabonsa. Yaya Indo a ciki wajen mata, ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke kwashe abin da ba a faɗa. In na yi ƙorafi a kanta nan gaba, a tuna da wannan. Akwai kuma wata mata 'yar Zakirai da ke jinyar uwarta a gadon kusa, duk abin da ta dafa sai ta zubo mana. Ko sunanta ban riƙe ba. Allah ya san ta.

Da aka sallame mu ƙafa ta fara ɗauka da sanda, baki yana iya "i" da "a'a" da "ruwa". Hannu kuwa shiru. Aka ce mu riƙa zuwa sashen gashin ƙashi duk sati, inda ake motsa gaɓoɓi.

A gida muka yi kuskure na biyu. Kun san yadda muke jinya: mara lafiya ba ya taɓa komai. Yaya Indo ta dawo gidanmu da tabarmarta. Ita ke ba ta abinci a baki, ita ke ɗaura mata ɗankwali. Hannun nan ta shafe shi da man shanu ta naɗe da tsumma ta kwantar a kan filo kamar jariri. Masu dubiya in sun ga Lami ta yunƙura sai su ce, "A'a, kwanta, me kike so a kawo miki?" Kwandon saƙarta na rataye shi can bayan ƙofa don kada ta gani ranta ya ɓaci. Matar da ban taɓa ganin hannunta a zaune ba, muka mai da ita kayan ɗaki.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Makoda. Autarmu Bilki tana aure a can, tana da cikin fari, kuma a al'ada gida za ta dawo ta haihu uwarta ta yi mata wanka. Surukarta ta aiko cikin mutunci cewa a bar ta a wajensu, tunda ga halin da ake ciki, wa zai kula da wa? Gaskiya ta faɗa. Amma Lami ta ji. Daga ranar ta juya fuska bango. Abinci sai an yi da gaske. Ba ciwon ne ya ba ni tsoro ba a lokacin, wannan juya bayan ne. Na ga mutum yana tattara kayansa a zuci.

Mai gashin wata gajeriyar mata ce, Sista kawai muke ce mata. Zuwanmu na uku ko na huɗu ta warware tsumman, ta ga yatsun sun fara lanƙwashewa kamar ƙafar kaza.

"Wa ke ba ta abinci?"

Yaya Indo ta gyara zama. "Ni ce. Ko cokali ba na bari ta ɗaga."

"To Inna, ki daina."

"In daina? In zuba ido tana zubar da koko a jikinta? Me mutane za su ce?"

"Su ce abin da za su ce. Tausayinku zai kashe hannun nan. Hannu in ba a aikensa mantuwa yake yi." Ta juyo gare ni. "Baba, da me take yi?"

Na ce saƙa.

"Ku ba ta kayanta."

Muna komawa na sauko da kwandon na ɗora mata a cinya. Ta dube shi ta daɗe. Sai ta sa hannun hagu ta ɗauki kibiya ɗaya ta yi jifa da ita, ta bugi bango ta lanƙwashe. Ta ce, "A'a." Ta koma ta kwanta.

Yaya Indo ta ce, "Ka gani ko? Kai da Sistarka kun sa ta kuka."

Ni gajiya ta yi mini yawa, raina ya ɓaci. Na ce, "Wai wannan tsinken ne abin gagara? To ni zan yi." Ba da wata dabara na faɗa ba. Haushi ne kawai.

Washegari na kai wa Haruna kibiyar ya miƙar. Ya ɗora ta a kan ƙarfe yana bubbugawa.

"Alhamdulillahi, Lami ta fara saƙa ke nan?"

"Ni zan yi."

Ya ajiye guduma. Ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya ƙwala wa masu zama a rumfarsa kira. "Jama'a, ku zo ku gai da Inna Sale! Inna, in kin gama a yi mini safa, ƙafata na sanyi."

Na ce, "Kakanka da saƙa ya ci abinci har ya mutu."

"Wannan ta maza ce, da ƙafa ake taka ta!"

Sunan nan ya bi ni. Har yau akwai masu ce mini Inna Sale a bakin masallaci.

Ranar Juma'a Bilki ta zo dubiya, ita ta ɗora mini saƙar da jan ulu. Ta ce, "Baba, mafila za ka yi, abin naɗa wuya na sanyi. Da ita ake fara koya wa yara. Ka tafi ka dawo, babu ƙari babu ragi." Ta nuna mini madaukan zaren da ke jere a kan kibiya, ta ce su ake kira ido. "Ka soka a ido, ka zagaya da zare, ka jawo, ka zare. Shi ke nan." Tana yi tana danne dariya. Uwarta tana kwance ta ba mu baya.

Shi ke nan, in ji ta. Hannuna ɗaurin damin dawa ya sani, kuma dami in ba ka ja igiya da ƙarfi ba a hanya zai watse. Saboda haka duk idon da na yi sai na ja zaren na tsuke shi tam. In na juyo layi na gaba kibiya ta ƙi shiga. In danna da ƙarfi, in tsaga zaren biyu, ido ɗaya ya zama biyu ban sani ba. Mafilar da aka fara da faɗin tafin hannu sai ga ta tana buɗewa kamar gonar mai cin iyaka. Taurinta kuwa kamar tabarma.

Kullum bayan la'asar nake shimfiɗa buhu a bakin ƙofarta in zauna ina fama, ina tsaki, ina zufa. Kwanakin farko ba ta juyo ba. Wata rana na ɗaga kai na ga ta juyo, idonta a kan hannuna. Fuskar nan a yamutse, kamar tana kallon ana yanka akuya da wuƙa mara kaifi. Tun da muka dawo daga Kano ban ga ta kalli wani abu haka ba. A nan dabara ta zo mini. Na ƙara tsuke zaren da gangan, har da cije leɓe.

Haka muka yi ta yi. Ina ɓarna, tana kallo, tana huci. Ran nan na ja zaren har ya yi ƙara, sai na ji daga kan gado:

"Sas... sau... ta."

Na yi kamar ban ji ba. "Me kika ce?"

"Sassauta! Ba... dami... ba ne."

Yaya Indo tana tankaɗe a tsakar gida, sai da rariya ta faɗi daga hannunta. Ni kuwa na daure na ce, "Ni haka nake tawa. In ba ta yi miki ba, zo ki gyara."

Ta zo. Da sanda, da jan ƙafa, ta zauna kusa da ni ta ɗaka mini duka a bayan hannu da hagunta. Ranar ni ke riƙe da kibiyoyi, ita ke zagaya zare da hagu. Bayan kwana biyu na ce ni ba na karɓar gyaran hagu, ba tarbiyya ba ce. Na ɗauko hannun daman na saƙala zaren tsakanin yatsunta. Ya zame. Na mayar. Ya zame. Na mayar. Ta yi kuka, ta dube ni ta ce, "Mugu."

Na ce, "Na ji. Riƙe."

Kada wani ya ɗauka daga nan abin ya miƙe. Sati ya zo da kafaɗarta ta yi ciwon da ko riga ba ta son a taɓa. Sati ya zo da muka rasa na mota muka fasa gashi, Sista ta wanke ni tas a gaban mutane. Maganin hawan jini duk wata sai an saya, ba ya jiran kaka. 'Yan'uwa da suka cika gidan a farko suka ɗauke ƙafa, saura masu aiko da shawara: wani ya ce kitsen damo, wani ya ce akwai mai magani a Nijar. Taki na nan jibge a bayan gida ban kai gona ba, maƙwabta duk sun kai nasu. Akwai ranakun da na zauna a zaure na ce ni ma na gaji, a nemo wani.

Wadda ta fi ba ni tausayi Yaya Indo ce. An hana ta abin da ta iya. Za a ajiye wa Lami koko da ludayi a dama, ta ɗebo, rabi ya zube a zani. Yaya Indo ta zauna a kan hannayenta, wallahi a kan hannayenta take zama, don kada su miƙa da kansu. In abin ya ishe ta ta fita bayan ɗaki ta share hawaye ta dawo tana cewa hayaƙin murhu ne.

Wajen tsakiyar sanyi ɗan yatsan nuni ya motsa ya riƙe zare. Daga baya babban yatsa ya bi. Ta koyi tokare kibiyar dama a cinya tana turawa. Layi ɗaya yakan ɗauke ta daga azahar zuwa la'asar, abin da da take yi kafin a gama gaisuwa. Jan ulu ya ƙare muka ɗora da kore, kore ya ƙare muka ɗora da ragowar rawaya. In ta gaji in karɓa, in na tsuke ta ƙwace.

Bilki ta haihu a Makoda, mace, zafi ya riga ya shigo. Ba mu samu ta dawo gida ba, wannan ya wuce mu. Lami ta ce za ta je suna, kuma ba za ta je hannu rabbana ba. Hula ba ta iya ba tukuna, tana buƙatar ragi da ƙari. Abin da muke da shi mafilar nan ce kawai. Ana gobe suna ta rufe bakin mafilar da kanta. Muka shimfiɗa ta a gado muna kallo: launi uku, gefe ɗaya siriri, tsakiya faɗi ya fi taƙi biyu, wajena kamar fata, wajenta ramuka-ramuka.

Na ce, "Wannan sai wuyan raƙumi. Kuma wa ke naɗa wuya a wannan zafin?"

Ta taka gefe ɗaya da ƙafa, ta ja ɗayan, ta ga tsakiyar ko motsi ba ta yi. Sai ta ninke ta sa a jaka.

Bayan an raɗa suna da safe, kafin mata su cika gidan, aka ce in shigo in ga jikata. Na tsaya daga bakin ƙofa. Surukar Bilki ta warware abin tana juya shi, tana neman abin da za ta ce wanda ba zai zama rashin kunya ba.

"Masha Allah. Hajiya Lami, wannan kuwa mene ne?"

"Majanyi," in ji Lami.

Matar ta kama shi da hannu biyu ta ja iya ƙarfinta. Ta sake ja. "Kai! Wannan ai ko ɗan maraƙi aka goya aka ɗaure da shi ba zai zame ba. Wa ya saƙa?"

Lami ta nuna ni da haɓa. "Mai ƙarfin, nasa. Mai ramukan, nawa."

Aka yi dariya, Bilki har da riƙe ciki tana cewa a bari, ciwo take ji. Sai Lami ta miƙa hannuwa, duka biyun, ta ce a ba ta yarinyar. Surukar ta matso da jaririyar tana cewa, "Indo, tallafa mata ta dama."

Na dubi Yaya Indo. Ta kai hannayenta baya ta harɗe.

"Ku ba ta," ta ce. "Ta iya."

Aka ba ta. Kan yarinyar ya sauka a tafin hannun dama, hannun da muka naɗe a tsumma muka kwantar a filo. Yana rawa, ina gani. Amma ya riƙe. Ni dai na ce zan je in ga ko an fara fiɗar ragon, na fita.

Ga wanda abin ya samu nasa: in baki ya karkace ko hannu ya saki, a tafi asibiti a ranar, a yi addu'ar a mota. Maganin hawan jini ba a ajiye shi don kai ya daina ciwo. In an dawo gida kuma, a bar mutum ya zubar da kokonsa. Sista ta gaya mana hannun ba zai koma kamar da ba, kuma bai koma ba. Maganarta ma har yanzu in ta gaji takan sarƙe. Mun gode wa Allah a hakan.

Da muka dawo daga Makoda da yamma, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Kawo kibiyoyina." Na kawo. Ta sa su ƙarƙashin filo.

"Na sallame ka. Hannunka na garma ne."

Na ce, "Haka ake sallamar ma'aikaci, babu ko na goro?"

Ta ce, "Ɓarnar ulu... na yafe."

Washegari bayan asuba na ajiye mata maganinta a cikin takardarsa ban ɓare ba, na ajiye koko da ludayi ta dama, na jawo kwandon kusa da ƙafarta. Na ɗaura wa shanu amalanke na loda takin nan da ya daɗe yana jirana. Da na zo wucewa ta bayan danga sai na tsai da shanun, na kasa kunne. Shiru. Can na ji cak. Aka daɗe. Sannan cak.

Na kaɗa shanu muka nufi gona.